Dabino Goma Sha Ɗaya a Cikin Randa

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a barandar gidan hayar da 'ya'yana suka ajiye ni tun da aka rushe gidanmu na Jarwal, sai ga babban jikana ya shigo da mukullin mota a hannu, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Sidi, ɗaya daga cikin dattawan kwamitin jama'armu ya rasu, ana son a cike gurbinsa. An riga an ba da sunan mutum ɗaya. Ka ce aiwa kawai, in buga waya in gaya musu, halas." Sidi suke ce mini, don bakinsu ya manta da Kaka, aiwa kuma ita ce i ɗinsu a Larabce, halas shi ke nan. Na tambaye shi yaushe mutumin ya rasu. Ya ce ranar Asabar. Na ce yau wace rana? Ya ce Talata. Kwana uku! Ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba, masu ta'aziyya ba su gama shan gahawa ba, an riga an ɗora wani a kan kujerarsa ta cikin waya, ba wanda ya ga fuskar wani. Na ce masa ya zauna. Ya duba agogo. Na ce agogon ma ya zauna. Abin da na gaya masa shi ne nake rubutawa a nan, bi da bi, domin na lura rabinsa ya bi ta kunne ɗaya ya fita ta ɗayan.

Da farko sai an san yadda unguwar take. A Makka aka haife ni. Mahaifina ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa yana saurayi, ya iso da furfura a gemu, bai kuma koma ba. Jarwal ɗin da na buɗe ido a ciki ba ta da waɗannan dogayen otal-otal masu gilashi da suka tare wa mutum sama. Gidajen dutse ne a ƙasa, 'yan kaɗan masu bene, sannan in ka ɗaga kai wajen gindin dutse sai bukkoki na kara da buhu da tsohon kwano. Ba agogo ke tashe mu ba. Kiran asuba ne daga Harami, bayansa kuma ƙarar tanaka, wato garwar kananzir da aka wanke aka mayar ta ɗaukar ruwa. Guda biyu ake ratayawa a sanda a saɓa a kafaɗa, in babu ruwa ciki suna tafe suna ƙwanƙwasar juna tun daga ƙofar gida har bazan. Bazan kuwa wani babban tanki ne na dutse da ruwan gari yake zubowa ciki, duk unguwa a nan take sha. Bayan tanaka sai sautin turmi, don iyayenmu mata ba su yarda gero ya bar gidajensu ba ko da an yi shekara hamsin a Hijaz. Sai kukan jaki, sai mai burodi da faranti a ka, sai ƙamshin gyaɗar da ake soyawa cikin yashi za a kai bakin hanya. Yanzu yaro ya murɗa ƙarfe ruwa ya zubo, ya bar shi yana zuba yana goge haƙori yana kallon madubi. Ni na ɗauki ruwa a kafaɗa shekara goma sha tara, har yau akwai kanta a wurin. In na ji famfo yana zuba a banza sai in ji kamar bayana ake zuba wa.

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi shekara biyu ina zuwa wurin wani malami da yamma har na iya rubutu da lissafi, shi ke nan. Sauran tarbiyyar a hannun mahaifina na same ta, shi kuwa abu ɗaya yake maimaitawa. In ya ga na zuba ruwa a randa ban wanke ta ba, ko na sa takalmi kafin in karkaɗe shi, sai ya ce, "Ɗaya tukuna, sannan biyu. Wa ya ce maka ana farawa da biyu?" Na ji wannan magana har ta zauna mini a ƙashi.

Na biyu, sai an san majalisar. Mu Hausawan unguwar muna da dattawa biyar da suke zama bayan la'asar a kan dogayen kujerun igiya a ƙofar masallacin unguwa. Ba hukuma ce ta naɗa su ba, ba kuma albashi. Su ke raba faɗa kafin ya kai gaban umda, wato mai unguwa. Su ke neman likkafani in baƙo ya mutu ba dangi. Su ke nemo wa wanda ya sauka masauki. Babban aikinsu kuma shi ne tsara layin bazan, wane gida ne zai ɗiba da safe, wane ne sai rana ta take. Wanda bai zauna a Makka da zafi ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mai layin safe yana samun ruwa da yawa, da sanyinsa, ya dawo kafin duwatsu su ɗau wuta. Mai layin azahar yana tsaye a kan dutsen da zai iya gasa gurasa, ruwan ya ja baya, guga yana kwaso laka. Kujera a majalisar nan ta mutum ce har ya mutu. Don haka ba mu san wani zaɓe na shekara-shekara ba. Zaɓenmu ɗaya ne, na cike gurbi, kuma mutuwa ce kaɗai take kiransa.

A rayuwata na ga irin wannan zaɓe sau huɗu ana yinsa gaba da gaba. Na farko ina ƙarami, abin da na riƙe kaɗan ne. Da ɗaga hannu aka yi. Kowa ya ga hannun kowa, maƙwabci ya ga maƙwabcinsa ya ɗaga wa wani, aka yi ta musu har rana ta faɗi mutane suka rasa jam'in magariba a Harami, wasu gidaje biyu kuma suka shekara ba sa gaisawa. Daga nan dattawa suka ce ba za a ƙara ɗaga hannu ba, kuma ko me ake ciki a gama kafin rana ta faɗi. A na biyu na riga na fara ɗaukar ruwa. Aka kawo randuna biyu aka ajiye bayan asabari, kowane ɗan takara da tasa, kowane magidanci ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙwallon dabino a wadda yake so. Dabara ce mai kyau, sai dai an manta cewa kowane gida a Jarwal yana da buhun ƙwallon dabino da ake jiƙa wa awaki. Da aka juye randunan, ƙwallayen sun ninka magidantan unguwar har sau uku. Wani tsoho ya ce to ai sai a ba akuya kujerar, tunda danginta ne suka fi fitowa. Aka sake zama, aka gyara. Daga ranar aka ce babban dattijo ne zai miƙa wa kowa dabino ɗaya da hannunsa, mutum ya yi bisimilla ya ci a gaban shaidu, ya shiga da ɗanyen ƙwallon ya jefa. Ƙwallon da ya fito daga baki yanzu ba ya kama da wanda ya kwana a buhu, ko makaho ya taɓa zai bambance.

Mahaifina yana cikin dattawa biyar ɗin, shi ya sa ni na rubuta ƙa'idojin a wani babban allo, aka rataye a cikin masallaci. Guda huɗu ne. Ɗaya, a bar kujera ba kowa kwana arba'in, a cike ta a rana ta arba'in da ɗaya. Biyu, duk mai tukunyar kansa a unguwar yana da dabino ɗaya. Uku, a ci dabinon a gaban shaidu, ƙwallo kaɗai ake ƙirgawa. Huɗu, a gama a faɗi sakamako kafin rana ta faɗi. Ina alfahari da allon nan fiye da yadda ya kamata. Duk Juma'a sai na goge masa ƙura.

Zaɓe na uku shi ne wanda ya sa nake wannan rubutu, kuma kujerar mahaifina ce.

A lokacin ina da aure da 'ya'ya biyu. Matata daga bukkokin gindin dutse take. Mutanen bukkokin Hausawa ne kamar mu, sai dai ba a nan aka haife su ba. Ta Sudan suka biyo, suna tafe suna tsayawa, su yi noman auduga shekara biyu su ƙara gaba, har suka tsallako teku. Gida goma sha ɗaya ne. Surukina shi ne babbansu, dogon tsoho marar yawan magana, yana ɗinkin salka. Tun da suka sauka ake ja-in-ja a majalisa a kansu. Dattawa biyu suna cewa ruwan safe bai ishi waɗanda aka tarar ba balle baƙi, su koma layin azahar. Biyu suna cewa wanda ya sauka ya zama ɗan unguwa, a raba safiyar da su. Mahaifina ne na biyar, kuma yana tare da masu cewa a raba. Muddin yana da rai mutanen bukka suna ɗiban ruwa da safe. Sai ya rasu saura kwana biyar a ga watan azumi. Kowa ya san abin da ke cikin randa a wannan karon. Wanda ya hau kujerar nan shi zai faɗi ko su ci gaba da safiya ko su koma rana.

Mutum biyu suka fito. Ɗaya muna ce masa Mai Bene, haifaffen Makka, yana da gida hawa biyu da yake saukar da alhazai. Ba mugun mutum ba ne, kada a ce na ce. Yana da baƙi da suke son alwala da wanka da safe, kuma bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ɗayan Malam Dogo ne, tsohon mai ɗaukar ruwa, abokin mahaifina, wanda ya ce abin da marigayi ya tsaya a kai nan zai tsaya. Ni shekaruna ba su kai in nemi kujera ba, amma da yake ni na rubuta allon, kuma an san ba na karkata, sai aka ce ni zan tsaya a bakin asabari, ni zan ƙirga, in an yi gardama kuma ni zan faɗi abin da allo ya ce. Zuciyata tana wurin Malam Dogo, wannan ba sai an tambaya ba.

Na zauna na ƙirga kwanakin a yatsa. Rana ta arba'in da ɗaya ta faɗo a shida ga watan ƙaramar salla. Babban dattijon majalisa, wanda muke kira Baba Tsoho, ya kira ni ya ce, "Ɗana, mutane ba su gama yawon salla ba. Mu ɗaga zuwa Juma'a mana, kwana biyu ne." Na ce, "Baba, allo bai ce arba'in da uku ba." Ya dube ni ya ce, "Kai da ubanka, ko ranar tashin ƙiyama sai kun tambayi wa ke gaba a layi. Ɗayyib, a yi yadda ka ce." Da safen ranar ina ɗaura rawani matata ta ce mini, "Babana fa yana azumi yau, shi da mutanen bukka duka." Na ce, "Allah ya ba da lada," na fita abina. Wallahi haka na ce. Ban haɗa wannan da wancan ba. Mu haifaffun Makka mun saba kwanakin salla na ziyara ne da ciye-ciye, unguwa ta ziyarci unguwa, sitta Shawwal sai tsakiyar wata in an huta. Su kuwa mutanen bukka tun suna hanya suka saba washegarin salla suke ɗaukar sittarsu, gaba ɗayansu, a jere, ba sa tsallake rana. Ranar zaɓen ita ce ta biyar a cikin shidan. Da na bi maganar Baba Tsoho da sun gama.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. Zafi ne irin wanda ko tsuntsu ba ya tashi. Baba Tsoho ya zauna da faifan dabino a gabansa, ni ina tsaye a bakin asabari, randuna biyu suna ciki, ta Mai Bene an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, ta Malam Dogo fari. Mutanen gidajen dutse suka fara, kowa ya karɓa, ya ci, ya shiga, ka ji ƙwal, ya fito. Komai yana tafiya yadda nake so. Sai layi ya zo kan surukina. Ya karɓi dabinon da hannu biyu, ya tsaya yana dubansa.

Baba Tsoho ya ce, "Bisimilla mana."

Ya ce, "Da azumi a bakina."

Na waiga na ga sauran goman a bayansa, leɓunansu duk a bushe.

Mai Bene ya yi dariya ya ce, "Ya ammi, nafila ce fa! Karya abinka, gobe ka rama. Dabino ɗaya ne, ba tuwo aka ce ka ci ba."

Surukina ya ce, "A karatun da aka yi mana, in ka ɗauki azumi ba ka ajiye shi don ganin dama, ko na nafila ne."

"To ai nan Makka ce, malamai iri-iri ne. Je ka Harami ka zaga, kafin ka kai Ƙofar Salama ka sami wanda zai ba ka fatawa."

"Na yi shekara tara a hanya ban sauya malami ba. Ba zan sauya don layin ruwa ba."

Wani daga baya ya ce, "Mai Bene, kai da ko na farilla sai an tashe ka da sanda, yau kai ne mufti?" Aka yi dariya, har shi. Sannan surukina ya juyo wajena. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa duban tsakiyar idona ba, ni ma haka, kunya ce tsakaninmu. Ya dubi ƙafata ya ce, "Ko in ɓare da hannu in cire ƙwallon?" Na dubi tasa ƙafar na ce, "Allo ya ce a ci." Baba Tsoho ya ga abin zai tsaya, ya ce, "Ku bar su su shiga da abinsu, in an zo ƙirga a duba." Haka suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Nasu ba ya cewa ƙwal. Wani ɗan tim yake yi a gindin randa, ina jinsa daga inda nake tsaye, sau goma sha ɗaya.

Aka fito da randunan na juye a kan tabarma biyu. Na jera ƙwallayen biyar-biyar yadda kowa zai gani. Mai jan ƙyalle, ashirin da uku. Mai farin ƙyalle, ƙwallo goma sha bakwai, da dabino goma sha ɗaya cif, ko ɗaya bai ɓata zuwa ɗaya randar ba. Ba sai an yi karatu mai nisa ba kafin a san goma sha bakwai da goma sha ɗaya sun fi ashirin da uku. Nan fa wuri ya kaure. Masu cewa ai kowane dabino da ƙwallonsa a ciki, Allah ne ya sa shi. Masu cewa in haka ne gobe kowa ya zo da nasa daga kasuwa. Wani ya ce ai daga hannun Baba Tsoho suka karɓa, kowa ya gani. Wani ya ce an gani, amma ba a ci ba.

Da hayaniyar ta lafa sai Malam Dogo ya ɗaga kai. Ya nuna yamma da haɓarsa. Rana ta riga ta sauka kan dutse, saura kamar tsawon sanda. Ya ce, "Jama'a, me ya yi zafi? Ga rana can tana shirin tafiya. Mu ɗan zauna. Da an kira salla su buɗe baki da dabinonsu a gabanmu, su jefa ƙwallon inda suke so. An ci, an ga ƙwallo, kowa ya huta."

Maganar ta shiga mutane. Na ga kawuna suna gyaɗawa, har cikin mutanen Mai Bene. Shi kuwa sai ya gyara zama ya dube ni ya ce, "Ɗan marigayi, kai ka rubuta da hannunka. Karanta mana ta huɗu."

Na karanta. A gama a faɗi sakamako kafin rana ta faɗi.

Ya ce, "To. Ni ban ce komai ba. Kai aka ba amana. In ka ce a jira, a jira. Sai dai a san cewa surukinka ne a layin."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta gama da ni. Na ji duk idon unguwa a kaina. Na ga kamar in na ce a jira, gobe za a ce ɗan marigayi ya lanƙwasa allo don gidan matarsa, kuma ba za a ƙara yarda da ƙirgata ba har in mutu. Baba Tsoho ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, allon nan fa mu muka faɗa ka rubuta. Ba saukar da shi aka yi ba." Na ji shi sarai. Amma na riga na miƙe. Na ce ta uku ta ce ƙwallo kaɗai, ta huɗu ta ce kafin faɗuwar rana. Ashirin da uku, da goma sha bakwai. Kujera ta Mai Bene ce.

Ban gama naɗe tabarma ba aka kira magariba. Tsakanin maganata da kiran sallar nan bai kai a dafa shayi ba. Na auna wannan tazara a raina sau dubu. Malam Dogo ya sunkuya ya tattara dabino goma sha ɗayan a tafin hannunsa, ya bi su ɗaya-ɗaya yana miƙa musu yana cewa, "Ku sha ruwa, 'yan'uwa. Yanzu ya halatta." Suka yi bisimilla suka ci a gaban shaidu, kamar yadda allo ya ce. Sannan kowa ya tsaya da ɗanyen ƙwallo a hannu, ba inda zai jefa.

Da na koma gida matata ta ajiye mini abinci. Labari ya riga ni isa. Na fara yi mata bayani, ta ɗaya kaza, ta uku kaza. Ta bari na gama ta ce, "Ai ka ƙirga daidai." Ba ta ƙara ba, a ranar ko bayanta. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

A zaman farko majalisa ta yanke, uku da biyu, mutanen bukka suka koma layin azahar. Na ce zan gyara da kafaɗata. Kullum ɗaukata ta farko da safe sai in haura da ita gindin dutse in juye a randar surukina kafin in fara na masu saye. To amma tanaka biyu ina za su kai a gida goma sha ɗaya? Sauran dole su sauko da rana, tsofaffi da mata, su tsaya a kan dutse mai zafi da tsumma ɗaure a ƙafa. Wata rana surukina ya sauko ɗibar wa wata gwauruwa maƙwabciyarsa, jiri ya ɗebe shi a layi, ya faɗi, ruwan da ya samu ya bi ƙasa. Bai mutu ba, ya yi kwana goma a kwance. Da ya tashi ya tara mutanensa. Kafin alhazan shekarar su fara sauka suka kwance bukkokinsu, suka ɗora kara da kwano a kan jakuna, suka yi kudu, suka wuce Misfala, suka sauka wajen Kudai, inda a lokacin ba komai sai duwatsu da ƙaya da wata rijiya mai ɗan gishiri da ba mai yi musu layi a kanta. Matata da take hawa ganin iyayenta ta dawo tukunya ba ta tafasa ba, sai ta koma yin tafiyar rabin yini da goyo.

Ranar da za su tashi na je taya su ɗaure kaya. Ni da surukina muka yi ta jan igiya har aka gama. Da jakuna suka fara tafiya sai ya kwance bakin rawaninsa ya ciro wani abu ya sa mini a hannu, yana duban ƙasa. Ƙwallon dabinon nan ne, ya bushe. Ya ce, "Ka riƙe. In an sake yi, ka jefa mini."

An sake yi, shi ne na huɗu, bayan wasu shekaru da Baba Tsoho ya rasu. Kafin a yi na sauko da allon na ƙara ƙa'ida ta biyar da hannuna, cewa ba a zaɓe a ranar da wani magidanci yake azumi, in kuma an yi, a jira shi. Kowa ya ce madalla. Sai dai waɗanda aka rubuta dominsu ba sa unguwar, busasshen ƙwallo kuma ba ya shiga randa, ni na fi kowa sani. Bayan haka aka ja famfo gida-gida, aka rufe bazan, kujerun igiya suka tsinke ba a sake saƙa su ba. Allon yana cikin masallacin ranar da motar rusau ta zo. Ƙwallon yana cikin akwatina.

Har yau ban yarda a yi abu ba tsari ba, kada jikokina su ɗauka tsufa ya sa na saki. Abin da suke yi yanzu ba zaɓe ba ne. Mutum uku su yi waya da juna, su kira sauran su ce an gama, ku ce aiwa. Ba kwana arba'in, ba shaidu, ba wanda ya taka ƙafa ya zo ya zauna a rana don a san yana nan. Mu aƙalla mun san wanda muka zalunta, mun ga fuskarsa.

Da na kai nan jikana ya riga ya karkaɗa mukullinsa sau ba adadi. Ya ce, "Ɗayyib, Sidi, labari mai daɗi. Yanzu in ce musu aiwa ko la?"

Na ce, "An tambayi mutanen Kudai?" Jikokin mutanen bukka nake nufi, dangin kakarsa, suna can har yanzu, wasu da shaguna, wasu suna tuƙin motocin alhazai.

Ya ce, "An buga wa wasu ba a same su ba, suna wurin aiki. Kuma an ce da la'asar za a rufe."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ya ce, "Haka aka tsara, Sidi. Kai ne fa kullum kake cewa a bi tsari."

Na ce ya ɗauko mini sandata da takalmina, ya tayar da motar. Ya ce ina za mu a wannan rana? Na ce Kudai, gida-gida. In ya so ya buga wa masu tsarin waya ya gaya musu wanda ya rubuta allo ya ce su jira magariba.